Ranar da Akushin Tabawa Ya Koma Ba Nauyi

Wata rana, cikin daminar bara, aka kwantar da ni a asibiti don a yi mini aikin ƙaba. Ƙaramin aiki ne, kuma ba labarinsa zan ba ku ba.

Labarin na mutumin da ke gadon hannun damana ne.

Sunansa Malam Jibo, masassaƙi daga wani ƙauye can bayan Giwa. Turmi, taɓarya, muciya, akushi, abin da ya tashi yana yi ke nan tun yana saurayi.

Ciwo ya cinye shi, hannuwa kawai ya bar masa. Manya ne, duk kanta, kamar an aro su daga jikin wani.

A gefen gadonsa akwai gwangwani. A ciki yake tofar da yawu, domin wani lokaci ko yawun ba ya wuce masa.

Da ya ga ina karanta Littafi Mai Tsarki da tabarau a kan hanci, sai ya laƙaba mini Ɗan Mishan. Ni ma na rama, na ce masa Sarkin Gizago. Har muka rabu ba mu kira juna da wani suna ba.

Ɗansa Haladu ke jinyarsa, magidanci ne mai yawan shiru.

Kullum da azahar wata tsohuwa takan shigo, gajera, da mayafi mai duhu, rungume da wani ƙulli. Matarsa ce, Tabawa.

Takan gai da ɗakin gaba ɗaya. Ta ɗan rusuna ta ce, "Malam, ya jiki?" ba tare da ta dube shi ba. Sannan ta kwance ƙullin, ta ajiye wani baƙin akushi rufe da faifai a gefen gadon, ta fita baranda ta zauna.

Da la'asar ta dawo ta ɗauka.

Ba ta buɗewa. Tana ɗagawa take samun amsarta. Ta ɗaure, ta ce, "Allah ya ƙara sauƙi," ta tafi.

Wata nas ta yi mata magana a gabana. "Iya, an ce miki ba ya iya cin tuwo. Ki daina wahalar da kanki."

Ta ce, "Na ji."

Washegari ta kawo.

Ni mutum ne da ba na son abin da ban gane kansa ba. Na jira sai da Haladu ya fita, na ce, "Sarkin Gizago, wannan akushi fa?"

Ya ce shi ya sassaƙa shi da hannunsa, shekarar da aka kawo masa Tabawa. Tun daga ranar a ciki take zuba masa tuwon dare. A zaure yake ci, shi kaɗai, kamar yadda ubansa ke yi. Idan ya gama ya rufe, a mayar cikin gida.

"Mu ba mu saba doguwar magana ba, Ɗan Mishan," in ji shi. "Akushin nan ke kai saƙo. In ya koma a suɗe, ta san na gode. In na rage loma, ta san miya ba ta yi ba. Shekara arba'in da ɗoriya haka muke, ba wanda ya taɓa jin kanmu."

Abin ya fara da nama. Tsoka ta tokare masa a ƙirji, ya kora da ruwa, ya ce haƙora ne suka tsufa.

Daga nan sai tuwo. Loma ta sauka ta tsaya a hanya, ta ƙi gaba, sai ya zagaya bayan zaure ya dawo da ita. Ba wanda ya gani, tunda shi kaɗai yake ci.

Akushi ya fara komawa da rabi. Daga baya ya koma kamar yadda ya fito.

Na ce, "Me ya hana ka zuba wa awaki, ka mayar mata da shi wayam?"

Ya juyo ya dube ni kamar na yi saɓo. "Tuwon Tabawa zan zuba wa akuya?"

Masu karatu, ku da kuka tashi a ƙasar nan kun san abin da ake nufi idan maigida ya mayar da abinci a rufe. Ba ya bukatar ya buɗe baki. Ya riga ya yi magana, kuma magana mai zafi.

Haka Tabawa ta karanta.

Ta sake daddawa. Ta sake mai niƙa. Ta bar kuka ta koma kuɓewa, ta bar kuɓewa ta koma karkashi. Da ta rasa dabara ta same shi a zaure ta durƙusa, ta ce, "Malam, me na yi?"

Ya ce, "Ba komai."

Gaskiya ya faɗa. Amma da zaginta ya yi, da ya fi mata sauƙi.

Na tambaye shi abin da ya hana shi gaya mata. Ya ce da fari ya ɗauka kwana biyu zai wuce. Daga baya kuma kunya ta kama shi. "Ƙato kamata, mai kayar da itace, in ce tuwo ya fi ƙarfina?"

Da abin ya ishe ta, Tabawa ta ɗaura mayafi ta tafi gidan ƙanenta. Mace mai jikoki, yajinta na farko ke nan a duniya.

Tana can aka aika mata cewa Malam ya faɗi a bakin aiki, an tafi da shi birni. Ba ta tsaya haɗa kaya ba, amma ta biya ta gida ta ɗauki akushin.

Bayan an yi mini nawa aikin, aka ce in riƙa ɗan takawa. Na same ta a baranda. Na gaishe ta, na yi ƙarfin hali na ce, "Iya, ciwo ne fa ya hana shi ci."

Ta gyara mayafinta. "Shi Malam, na san shi da ciwo. Ya taɓa sarar ƙafarsa da gatari, yana kwance jiki na kaɗawa, bai mayar mini da tuwo ba. Wannan kuwa yana tafe da ƙafarsa, yana sassaƙarsa, ya fara. Ciwo daga baya ya zo."

A nata lissafin ba ta yi kuskure ba. Ranar da ya faɗi ita ce ranar da ta ga ciwon.

Da sakamakon gwaje-gwaje ya fito, likitar tiyata ta zo bayan azahar. Dakta Raliya ake ce mata, ba za ta girmi autata ba. Ta sa aka kira Tabawa daga baranda, ta ja labule, na ji ta jawo kujera ta zauna.

A makarantar mishan an hore mu kada mu kasa kunne ga zancen da ba namu ba. Na yi iyakar ƙoƙarina. Amma labulen asibiti ido kawai yake tarewa.

Ta ce, "Baba, in faɗa maka komai, ko in yi magana da Haladu?"

Ya ce, "Jikin nawa ne, 'yata. Faɗa mini."

Ta faɗa masa, a hankali, da Hausa mai kyau. Ciwon daji ne. Ya fito daidai inda hanyar abinci ta gangaro daga maƙogwaro ta shiga tumbi, ya toshe wurin kamar an cusa tsumma a bakin mazurari. Ya kuma riga ya kai hanta. Ba aikin da zai raba shi da shi.

Ta ƙara da cewa, "Iya, ciwon nan ya daɗe. Ya fara tun kafin kowa ya ga alama, tun yana zuwa aikinsa."

Likita ta ce hanya biyu suka rage, kuma ba ta warkewa a cikinsu.

Ta farko ƙaramin aiki ne. A huda fatar ciki a sa tiyo, a riƙa ɗura masa kunu da madara da sirinji. Haɗarinsa kaɗan ne, kuma yunwa ba za ta ƙara damunsa ba. Sai dai bakinsa da abinci sun yi sallama.

Ta biyu ta fi nauyi. Wurin ya matse ƙwarai, sai an buɗe ciki, a jawo wani bututu ta cikin inda ya toshe, a bar shi nan ya riƙe hanya a buɗe. Idan an dace, zai riƙa haɗiya da bakinsa. Amma jikinsa ya yi rauni. Yana iya kwanciya a ɗakin tiyata bai tashi ba. Bututun ma yana iya toshewa ko ya goce daga baya.

Haladu bai bari ta rufe baki ba. "Dakta, a sa tiyon. Mun zaɓi tiyon."

Sai na ji muryar tsohon.

"'Yata, tuwo yana bi ta tiyon nan?"

"A'a, Baba. Sai abu mai ruwa."

"To wancan fa?"

"Idan ya yi laushi, da miya mai yauƙi, zai wuce. Amma Baba, ina so ka ji ni da kyau. Ba zai warkar da kai ba."

"Ban tambaye ki warkewa ba. Akwai akushin da nake so in mayar ba komai a ciki."

Na cire tabarau na goge, ko da yake ba ƙura a jikinsa.

Tabawa ce ta fara magana, kuma ranar na fara jin ta ɗaga murya. "Malam, kada ka kashe kanka saboda tuwo. Na ji abin da likita ta ce. Na yarda. Magana ta wuce."

Ya ce, "Kunnenki ne ya ji. Hannunki bai ji ba. Wata nawa kina ɗaga shi da nauyi?"

"To in ka tafi a wurin aikin fa?"

"Sai ki ce wajen neman tuwonki na tafi. Wace mace ce a garinmu za ta iya faɗin haka?"

"Ji tsoho da zancen banza," in ji ta.

Abin da ya burge ni da likitar nan shi ne ba ta yi dariya ba, ba ta kuma ce masa dalilinsa ƙarami ne ba. Ta sake jera masa haɗarin ɗaya bayan ɗaya. Ta tambaye shi ya maimaita mata abin da ya fahimta, ya maimaita daidai. Ta ba su lokaci su yi shawara.

Haladu ya yi ta roƙo har yamma. A ƙarshe uban ya ce masa, "Kai kana so in daɗe, na sani, Allah ya yi maka albarka. Ni kuma akwai abin da nake so in yi da kwanakin. Ka bar ni in yi."

Haladu ya sunkuyar da kai. Da kansa ya je ya gaya wa likita.

Ba a yi aikin nan take ba. Sai da aka ɗau kwanaki ana ƙara masa ruwa da jini don jikinsa ya ɗan tsaya. Cikin wannan tsakanin aka sallame ni.

Da na je yi masa sallama ya riƙe hannuna da wannan ƙaton hannun nasa. "Ɗan Mishan, ka yi mini irin taku addu'ar. Ni ma ina yin tawa."

Na yi. Na koma gida, amma hankalina ya ƙi bina. Duk bayan kwana biyu sai in hau a-daidaita in koma dubiya. Jikokina suka riƙa tsokanata wai na bar budurwa a asibiti.

An yi aikin. Ya tashi.

Na same shi an jingina shi da matasai, leɓe a bushe, yana magana da ƙyar. Ya ce, "Yarinyar nan ta iya sassaƙa."

Da fari cokalin ruwa aka ba shi. Ya haɗiye, ya rufe ido yana jira ya dawo. Bai dawo ba. Bayan kwanaki aka koma kunu mai ruwa, sannan mai ɗan kauri. Gwangwanin nan ya ɓace daga gefen gado.

Duk wannan lokaci Tabawa ba ta kawo akushin ba. Shi ya hana ta. Ya ce kada ya ƙara ganinsa sai ranar da zai iya.

Da ranar ta matso, Dakta Raliya ta kira Tabawa ta yi mata bayani. A tankaɗe gari da rariya mai laushi. Tuwon ya zama ruwa-ruwa, ba gudaji. Miyar busasshiyar kuɓewa, ba nama, ba ƙashin kifi. Malmala ƙarama. Ya ci a zaune, loma ƙanana, ya tauna sosai, ya riƙa kurɓar ruwa, kuma kada ya kwanta da ya gama.

Tabawa ta ce, "Yarinya, tun ba a yaye uwarki ba nake tuƙa tuwo."

Likita ta yi murmushi. "Shi ya sa ban ba kowa aikin ba sai ke, Iya."

Tabawa ta ɗan harare ta, sannan ta ce, "Sake faɗa mini zancen ruwan."

Ina nan ranar. Na zo da wuri don kada ta wuce ni.

Da azahar ta shigo da ƙullinta. Ta gai da ɗaki. Ta ajiye akushin, ta ce, "Malam, ga abinci." Ta fita baranda kamar kullum, domin a tsawon zamansu ba ta taɓa tsayawa a kansa yana ci ba.

Haladu ya zuba masa ruwa ya wanke hannu. Ya buɗe faifai. Ƙamshin daddawa ya cika ɗakin, har mai karaya da ke gadon ƙarshe ya ce a tambaya ko da saura.

Ya yi bismillah. Ya gutsuri loma kamar ta yaron goye, ya dangwala, ya kai baki.

Duk muka kau da kai, kowa ya sami abin kallo a bango. Amma na tabbata ba wanda ba ya sauraro.

Ya tauna. Ya haɗiye. Ya kurɓi ruwa. Ya jira.

Ya sake miƙa hannu.

Malmalar ba ta fi ƙwan agwagwa ba, amma har aka kira la'asar yana kanta. Zufa ta jiƙa masa riga. Da ya kai rabi ya tsaya yana numfashi, Haladu ya ce, "Baba, ya isa haka, gobe ma rana ce."

Bai ko dube shi ba.

Da ya cinye, ya lanƙwasa yatsa ya bi cikin akushin, ya zagaye shi tsaf, kamar yadda mai sassaƙa ke shafa aikinsa kafin ya miƙa wa mai shi. Ya mayar da faifai ya rufe.

Haladu ya kai hannu zai ɗauka. Ya ce, "Bari. Kira ta."

Ta shigo. Ba ta dubi fuskarsa ba. Ta sa hannu biyu ta ɗaga da irin ƙarfin da ta saba, sai akushin ya taso mata sama da sauri, har faifan ya zame.

Ta tsaya haka, riƙe da shi.

Can ta ce, "Gishiri ya ji?"

Ya ce, "Ya ɗan yi yawa."

"Ƙarya kake, Malam."

"Ƙarya nake," in ji shi.

Ba ta ɗaure shi cikin ƙyalle ba ranar. Ta saƙale faifan a hammata, ta ɗora akushin a tafin hannu, a buɗe, daidai kafaɗarta. Ta bi tsakiyar ɗakin a hankali, gado bayan gado, har bakin ƙofa. Da ta zo wajen nas ɗin da ta taɓa yi mata magana, ta ɗan karkato shi don ta ga ciki.

Na ga mutane sun karɓi lambar yabo a rayuwata. Ban ga wanda ya yi tafiya irin ta tsohuwar nan ba.

An sallame su bayan ɗan lokaci. Malam Jibo ya ga kaka, ya ci tuwon sabuwar dawa a zaurensa. Bai warke ba, kamar yadda aka gaya masa. Kafin sanyi ya fita, Haladu ya kira ni a waya ya ce Allah ya yi masa rasuwa.

Na je gaisuwa. Tabawa ta gane ni. Ta ce, "Ɗan Mishan ne," duk da ba ta taɓa kirana haka ba sai ranar.

Ta ce har makonsa na ƙarshe yana ci, ko da loma biyu ce. Ita kuma ta koyi zuba daidai abin da zai iya, don kada akushin ya sake komawa da saura.

Na gan shi a kife a kan jeren kwanukanta, shi ne a sama. Ta ga ina kallo, ta ce, "A suɗe ya bar mini shi."

Ni ma tawa matar ta riga ni tafiya shekarun baya. Na san abin da ke ragewa a gida bayan an share makoki, kuma na san ba ƙaramin abu ya bar mata ba.

Darasi:

Ba kowace tiyata ake yi don a warke ba. Akwai wadda ake yi don mutum ya ƙarasa kwanakinsa yana mutum, da bakinsa, da mutuncinsa. Wannan ma aikin likita ne, kuma babba ne.

Idan naku ya kai inda magani ya tsaya, kada ku tsaya ga tambayar kwana nawa za a ƙara masa. Ku tambaye shi me yake so ya yi da su. Ku bar shi ya amsa da kansa.

Ku kuma maza 'yan uwana, idan abinci ya fara tsaya muku a ƙirji, ku faɗa a gida, ku tafi asibiti tun kuna tafe da ƙafarku. Shirun da kuke yi, akwai mai karanta shi a cikin gida, kuma ba daidai za ta karanta ba.

Idan ka san wani gida da ake jinya, ko wani dattijo da ya fara mayar da kwano a rufe yana cewa ba komai, ka tura masa wannan. Idan ba ya karatu, ka zauna ka karanta masa.